Da gaske zanen barkwanci ne ya kai uban siyasar New York kurkuku?

Aminu_Fagge: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambayata ga masu bibiyar tarihin Amurka ce. Duk inda aka zo maganar zanen barkwanci na siyasa sai an ambaci Thomas Nast, wai shi kaɗai da alƙalaminsa ya rusa William Tweed, mutumin da ya riƙe birnin New York a tafin hannunsa wajajen 1870. Har cewa ake yi da Tweed ya gudu Sifaniya, da zanen Nast aka gane shi aka damƙe shi. Ni dai ina jin ƙanshin ƙarin gishiri. Mutumin da alƙalai da 'yan sanda da magajin gari duk nasa ne, a ce zane ya kayar da shi? Wanda ya san zancen ya warware mana.

Malam_Sabo_Tarihi: Wa alaikumus salam Malam Aminu. Zancen yana da tushe, amma an yi masa ado. Nast Bajamushe ne, an haife shi a garin Landau a 1840, mahaifiyarsa ta kawo shi New York a 1846. Boko bai karɓe shi ba, sai zane. Yana ɗan shekara 15 jaridar Frank Leslie ta ɗauke shi aiki, a 1862 kuma ya zama ma'aikacin mujallar Harper's Weekly, inda ya yi suna a lokacin yaƙin basasar Amurka.

Shi kuwa Tweed shi ne uban Tammany Hall, ƙungiyar da ke juya jam'iyyar Democrat a birnin. Su huɗu ne manyan masu rabon: shi, da magajin gari Oakey Hall, da Richard Connolly mai riƙe da asusun birni, da Peter Sweeny. Kashe-mu-raba suke yi da 'yan kwangila. A kumbura takardar kuɗi, birni ya biya, ɗan kwangila ya cire nasa ya miƙa musu kaso mafi tsoka. Ginin kotu guda ɗaya ya lashe sama da dala miliyan 10, alhali a 1867 dala miliyan 7.2 Amurka ta biya Rasha ta sayi Alaska ɗungurungum. Akwai wani mai filasta, Andrew Garvey, da takardu suka nuna an biya shi sama da dala dubu 130 kuɗin aikin kwana biyu. Nast ya sa su a gaba mako bayan mako a 1871, wannan ba ja. Sai dai ba shi ya bankaɗo alƙaluman ba.

Ɗan_Gwari_Kwari: Kwana biyu dala dubu 130? Malam filastar nan da ruwan zinare aka kwaɓa ta?

Lauya_Bash: Malam Sabo ya taɓo inda nake so. Ba a kai zane gaban alƙali a ce ga shaida. Abin da ya karya Tweed takardu ne, kuma daga cikin gida suka fito. A watan Janairun 1871 mai binciken kuɗinsu James Watson ya mutu a hatsari, littattafan asusu suka faɗa hannun waɗanda ba nasu ba. Sannan James O'Brien, tsohon abokin tafiyarsu da suka ɓata, ya kwashi kwafin alƙaluman ya kai wa jaridar New York Times. Ita kuma a watan Yuli ta fara bugawa dalla-dalla, wa aka biya, nawa, don wane aiki. A Satumba manyan gari suka kafa kwamitin mutum 70, kotu ta hana birni ci gaba da fitar da kuɗi. Samuel Tilden, wanda shi ma ɗan Democrat ne, shi ya bi sawun kuɗin a banki har ya nuna yadda suke shiga asusun Tweed. A Oktoba aka kama shi. A cikin jerin nan ina zane?

MaiZane_Zinder: Ranka ya daɗe lauya, kai da takarda dama ba a raba ku. Amma mutum nawa ne za su zauna su karanta shafin jarida cike da lambobi? Ni sana'ata ce, bari in faɗa maka abin da Nast ya yi. Akwai zanen da ya jera su a da'ira, an tambaya wa ya sace kuɗin jama'a, kowa yana nuna na kusa da shi da yatsa, har yatsan ya zagayo. Akwai wanda ya zana Tweed da ƙaton tumbi, a maimakon kai ya ɗora masa jakar kuɗi, ga lu'ulu'un nan da yake maƙalawa a ƙirji yana ƙyalli. Akwai wanda ya mai da su ungulaye a kan dutse, suna tsaye kan ƙasusuwan birni suna jiran hadari ya wuce. Ana dab da zaɓen Nuwamba kuma ya fito da damisar Tammany a filin wasan Rumawa tana yagar wata mace da ke wakiltar jamhuriya, Tweed na zaune a sama yana kallo kamar sarki. Damisar ma ba ƙirƙirarta ya yi ba, tambarin ƙungiyar 'yan kwana-kwana ce da Tweed ya shugabanta yana saurayi, ya ɗauko ya juya masa ita. Bayan wannan duk New York ba wanda bai san fuskar mutanen nan huɗu ba. Maganar da ake dangantawa ga Tweed kenan, cewa bai damu da rubutun jarida ba tunda mutanensa ba sa karatu, amma hoto kam suna gani.

Lauya_Bash: To madalla. Sai ki faɗa wa jama'a abin da mutanen nasa suka yi bayan sun ga hoton. A zaɓen Nuwamban 1871 ɗin, bayan kamu, bayan damisa, mazaɓarsa ta sake zaɓarsa sanatan jiha. Masu sayen Harper's ba talakawan unguwar Tweed ba ne, masu hali ne da dama can ba sa ƙaunar Tammany.

MaiZane_Zinder: Namiji ne ni lauya, "ka" za ka ce. Kuma Tweed ɗin kusan shi kaɗai ya tsira, akasarin 'yan takarar Tammany ƙasa suka sha a zaɓen nan.

Hajiya_Kulu: Ni ban ga laifin talakawan da suka sake zaɓarsa ba, ko in ce na fahimce su. Baƙi ne akasarinsu, 'yan Ireland da yunwar dankali ta koro tun wajajen 1845. Suna sauka daga jirgin ruwa mutumin Tammany ne ke tarbarsu, ya nema musu aiki, ya yi musu hanyar takardar zama ɗan ƙasa, in sanyi ya yi tsanani ya kai musu gawayin ɗumi, in ɗansu ya shiga hannun hukuma ya je ya fito da shi. Ranar zaɓe kuma su biya da ƙuri'a. Masu kuɗin da ke ihun an yi sata, wa ya taɓa ganinsu a unguwar? Ka zo ka nuna wa irin wannan mutum hoton ungulu, zai yi dariya ya ce lallai ya yi kama da shi, gobe kuma ya je ya dangwala masa.

Baba_Tsoho: Hajiya ta faɗi gaskiya. Allah ya kyauta.

Aminu_Fagge: Na gode. To batun Sifaniya fa? Shi ya fi tsaya min a rai.

Malam_Sabo_Tarihi: Ya faru, amma ba yadda ake bayarwa ba. An yanke wa Tweed shekara 12 a 1873, kotun sama ta rage, ya fito bayan shekara guda da 'yan watanni, aka sake tsare shi kan ƙarar neman ya dawo da dala miliyan 6. Tsarewar ma ta 'yan gata ce, ana barinsa ya je gida cin abinci da rakiyar gandirebobi. A Disamban 1875 a irin wannan ziyara ya sulale. Ya bi ta Kyuba, daga can ya hau jirgin ruwa zuwa tashar Vigo ta Sifaniya. Gwamnatin Amurka ta riga ta gano jirgin da ya shiga, ta sanar da hukumomin Sifaniya tun kafin ya isa a 1876. Ba wai wani ɗan sanda ne ya gan shi a titi ya tuna da mujalla ba. Abin da aka yi da zanen shi ne tantance fuska, don shi aka samu a hannu. Zanen kuwa na nuna Tweed cikin kayan fursuna ya shaƙo wuyan yara biyu, shi ya sa aka yi ta ba da labarin cewa Sifaniyawan sun ɗauka ɓarawon yara suka kama. An dawo da shi, ya mutu a kurkukun titin Ludlow a watan Afrilun 1878.

UmmuKhalil: Ni abin da ya burge ni shi ne cin hancin da aka ce ya ƙi. Wai an aiko masa wani ma'aikacin banki da tayin dala dubu 100 ya tafi Turai ƙaro ilimin zane, ya yi ta jan ciniki har aka kai dubu 500, sannan ya ce ba ya so.

Lauya_Bash: Anti, wannan labarin daga tarihin rayuwarsa da Albert Bigelow Paine ya fitar a 1904 ya yaɗu, kuma Paine daga bakin Nast da iyalinsa ya ɗauki yawancin abin da ya rubuta. Mai labari shi ne gwarzon labari. Wanda ya fi ƙarfi a wurina shi ne na kamfanin Harper: Tammany ta sa aka daina sayen littattafansu a makarantun birnin don su ja wa Nast kunne, Fletcher Harper, ɗaya daga cikin masu kamfanin da ke buga mujallar, ya tsaya kai da fata ya ce a ci gaba. Da mai gidan ya ji tsoro, da zanen bai ga rana ba.

Sani_Agege: Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Shi ne ya ƙirƙiro giwa da jakin jam'iyyun Amurka ko?

Malam_Sabo_Tarihi: Giwar dai shi ya kafa ta. A Nuwamban 1874 ya zana jaki sanye da fatar zaki yana firgita namun daji, giwa mai ɗauke da sunan ƙuri'ar Republican ta ruɗe tana shirin afkawa rami. Jakin a wannan zanen ma ba Democrat yake nufi ba, jaridar New York Herald ce da ke ta kururuwar cewa shugaba Grant na neman wa'adi na uku. Democrat ɗin yanyawa ya zana ta a gefe. Shi kuwa jaki tun zamanin shugaba Andrew Jackson ake liƙa wa jam'iyyar, Nast ya farfaɗo da shi a 1870 ya yi ta maimaitawa har ya zauna.

Baba_Tsoho: Abin mamaki a nan shi ne abokin gaba ya zana ka jaki kuma ka karɓa. Mu a zamaninmu jam'iyya ita ke zaɓar alamarta, NEPU tauraro, NPC fartanya, daga baya PRP mabuɗi, NPN gida da masara. Dalilin dai ɗaya ne da wanda aka ce Tweed ya faɗa, wanda bai iya karatu ba yana gane hoto. Amma zagin abokin hamayya kam mu da baki muka yi shi, a waƙa da zambo a dandali.

Rahila_Kaf: Ba wanda ya ambaci Santa Claus. A Janairun 1863 Nast ya zana shi a bangon Harper's yana raba wa sojojin ɓangaren Arewa na yaƙin basasar Amurka kyauta a sansani, sanye da riga mai taurarin tutar Amurka. Wato tsohon Kirsimetin ma da farfagandar yaƙi ya shigo hannunsa. Ya yi ta zana shi shekara da shekaru, da tumbi da farin gemu, shi ya ba shi gida a can ƙuryar arewacin duniya da wurin ƙera kayan wasan yara. Zanen 1881 shi ya fi shahara. Masu cewa Coca-Cola ce ta ƙirƙiro siffar, tallarta sai 1931 ta fara.

Ɗan_Gwari_Kwari: Tumbin Santa da tumbin Tweed hannu ɗaya ya zana su kenan. Ɗaya na rabawa ɗaya na kwashewa.

MaiZane_Zinder: Wani abin da mutane ba sa lura da shi, ba a takarda yake zanen da ake bugawa ba. A kan guntun katako mai tauri yake zanawa, kuma a juye, kamar yadda mai sassaƙa hatimi yake rubuta suna ta baya don in an buga ya fito daidai. Daga nan masassaƙa su bi layinsa su ƙwaƙule duk inda ba tawada. In zanen babba ne mai cin shafi biyu, guntaye da yawa ake haɗawa da ƙusoshi, a raba wa mutane daban-daban, kowa ya sassaƙa nasa, a sake ɗaurewa. Duhun nan da kuke gani a zanensa layuka ne sirara da aka gitta kan juna. Duk mako fa.

Dr_Nafisa: Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina ganin ana neman a mai da mutumin nan waliyyi. A shekarar da yake yaƙar Tweed, a ita ya zana limaman Katolika suna fitowa daga kogi a siffar kadoji, dogayen hulunansu sun zama bakin kada, suna nufar yaran makaranta. 'Yan Ireland kuwa da fuskar biri yake zana su, da kwalbar giya a hannu. Talakawan nan da Hajiya Kulu ta kwatanta, su ne birran. Don haka yaƙinsa da Tammany ba ƙin sata kaɗai ba ne, akwai ƙin waɗanda ke zaɓar Tammany. Saboda irin waɗannan zane-zanen ne a 2018 ƙungiyar 'yan jaridar Amurka masu aiko rahoto daga ƙasashen waje ta cire sunansa daga lambar yabon da take bai wa masu zanen barkwanci.

Malam_Sabo_Tarihi: Dakta ba ki yi ƙarya ba, amma a cika ma'aunin. A 1863 yana New York aka yi tarzomar ƙin shiga soja, gungun da akasarinsu 'yan Ireland ne suka yi ta kashe baƙaƙen fata, suka ƙone gidan marayun baƙaƙe. Wannan ba uzuri ba ne, amma yana cikin abin da ya gani. Kuma a zamanin da ba a yayin haka, shi ya zana sojan baƙar fata da ya rasa ƙafa a yaƙi yana tambayar don me za a hana wannan ƙuri'a, a 1865. A 1874 ya zana ɗan Ku Klux Klan, ƙungiyar ta'addanci ta masu ƙin baƙar fata, da ɗan wata ƙungiyar farar fata suna musabaha a kan iyalin baƙaƙe da ke durƙushe da gawar jaririnsu. Ya kuma kare 'yan China lokacin da ake neman korarsu, kafin dokar hana su shiga ta 1882.

Dr_Nafisa: Malam a cikin 1874 ɗin nan dai ya zana 'yan majalisa baƙaƙe na jihar South Carolina a matsayin jahilai masu hayaniya, da irin kamannin wulaƙancin da maƙiyansu ke zana su. A 1876 ya ɗora baƙin mutum da ɗan Ireland a kan sikeli ya ce jahilcinsu ya zo ɗaya. Da jam'iyyarsa ta Republican ta fara gajiya da baƙaƙen Kudu, alƙalaminsa ma ya fara gajiya.

Kawu_Idi: Ni fa duk bayanin nan abu ɗaya yake nuna min: sojan baka ne na Republican, sai dai shi da alƙalami yake nasa. Ku duba 1872. Horace Greeley ɗan jarida ne da ya yi shekaru yana yaƙar bauta, laifinsa kawai ya tsaya takara da Grant. Nast ya yi masa kaca-kaca, har ya zana shi yana miƙa wa 'yan Kudu hannu ta kan kaburburan sojoji. Matar Greeley ta rasu ana dab da zaɓe, ya faɗi zaɓen, shi ma bai ƙare watan Nuwamba ba ya bi ta. Sannan a 1875 aka bankaɗo badaƙalar harajin giya a gwamnatin Grant, har sakatarensa Babcock ya gurfana a kotu. Ina jakar kuɗi a kan wuyan Grant? Babu. Ɓarawon wata jam'iyya kaɗai yake gani.

UmmuKhalil: Kawu to 1884 fa? Republican ta tsayar da James Blaine, Nast ya ce mutumin ba shi da tsabta, ya juya wa jam'iyyarsa baya ya goyi bayan Cleveland na Democrat. Sojan baka ba ya yin haka sai in an fi biyansa a can, shi kuwa asara ya yi. Masu karatu da yawa sun yi fushi da mujallar.

Kawu_Idi: 'Yata, lokacin Grant ya bar mulki. Ubangidansa ba ya cikin takarar, ba abin da ya rage masa na kunya.

Sani_Agege: Ya ƙarshensa ya kasance? Na ɗauka irin wannan ya mutu da dukiya.

Malam_Sabo_Tarihi: Ina fa. Ya yi kuɗi sosai, ya sayi babban gida a Morristown ta jihar New Jersey. Amma Fletcher Harper ya rasu a 1877, shi kuma dama ba sa jituwa da editan siyasa George William Curtis, wanda ke ganin zanen nasa ya cika zafi. A 1884 kamfanin hada-hadar kuɗi na Grant da Ward ya rushe da ajiyarsa a ciki, wato kamfanin da ya talauta Grant ɗin kansa. Zamani ma ya juya, mujallar Puck ta Joseph Keppler ta zo da zane mai launi da raha, nasa ya zama na da. Ya bar Harper's a 1886, ya kafa tasa mujallar a 1892 ba ta yi ƙarko ba. A 1902 shugaba Theodore Roosevelt ya taimaka masa da muƙamin ƙaramin jakada a Guayaquil ta ƙasar Ecuador. Bai cika shekara a can ba zazzaɓin shawara ya kashe shi, ranar 7 ga Disamba.

Aminu_Fagge: To in na fahimce ku, lauya na cewa takardu ne suka kama Tweed, mai zane na cewa ba don hoto ba da takardun sun mutu a shafin jarida.

Lauya_Bash: Ni cewa na yi ɓarayi ne suka ɓata da juna, sauran duk suka samu abin yi. Ba don O'Brien ya ji haushi ba, da Nast ya yi ta zane har hannunsa ya gaji. Tun kafin 1871 yake zana Tammany, me ya faru?

MaiZane_Zinder: Abin da ya faru shi ne ranar da alƙaluman suka fito, jama'a sun riga sun san fuskar da za su ɗora wa. Badaƙala nawa jaridu suka buga da lambobi aka manta cikin mako biyu? Yau shekara 150 da wani abu, ɗan Fagge na tambayar Tweed. Connolly fa, da kuɗin ke hannunsa, wa ya san shi in ba wanda ya ga zanen da'irar nan ba?

Hajiya_Kulu: Ku dai kuna ta kama Tweed. Tammany ɗin ta mutu ne? John Kelly ya karɓe ta, cikin 'yan shekaru ta dawo da ƙarfinta, ta ci gaba da juya siyasar birnin har cikin ƙarni na 20.

Ɗan_Gwari_Kwari: Sauran ukun fa, su ma kurkukun suka mutu?

Lauya_Bash: Ko ɗaya. Magajin gari Hall an gurfanar da shi har sau uku ba a same shi da laifi ba. Connolly ya tsallaka Turai da abin da ya samu, a can ya mutu. Tweed ya zauna gaban kwamitin majalisar birni a 1877 ya tona asirin kowa da fatan za a sake shi, aka saurare shi tsaf aka mai da shi ɗakinsa. Sweeny kuwa ya dawo daga gudun hijira ya sasanta da hukuma, ya biya wani kaso daga gadon ɗan'uwansa James da ya riga ya rasu, aka rubuta cewa mamacin ne ya ci kuɗin.